Wanda ba shi da maroƙi, wa zai yi masa kirari?

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune gun mai shayinmu a bakin Bauchi Road, sanyin Jos ɗin nan na Disamba ya sauko har kana ganin hucin bakinka, kowa ya rungume kofinsa da hannu biyu, sai ga wani yaro ɗan unguwarmu, ba zai wuce shekara ashirin da uku ba, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya yi sallama ya bi kowa ya ba shi hannu, ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya kaman wanda ya zo neman rance, can dai ya zuge jakar ya fito da wasu 'yan littattafai sirara masu koren bango. Yace waƙoƙinsa ne ya tara ya kai aka buga masa guda ɗari da kuɗin da ya ɗan ajiye a aikin POS, yana so mu duba, in da hali mu saya, in ba hali ma dai mu karanta mu faɗa wa wasu. Har ya ƙara da cewa, "Wallahi akwai waƙa ɗaya a ciki a kan Jos, na san za ta burge ku." Toh wannan maganar ta ƙarshe ita ta jawo masa. Wani babban yayanmu a majalisar, mutumin kirki ne fa ba mugu ba, ya juya littafin gaba da baya ko buɗewa bai yi ba yace, "Kai ƙanena, yabon kai jahilci ne. In abu na da kyau ka bari mutane su faɗa." Aka yi dariya, shima yaron ya yi, amma yaƙe ne, duk wanda ya kalli fuskarsa ya sani. Ya kwashe kayansa ya mayar jaka yace sai da safe.

Tun daga ranar maganar nan take cina. Mutane su faɗa. Waɗanne mutane kenan? Mu da muka ƙi ko buɗe shafin farko? Yaron nan ba ɗan sarki bane, ba ɗan kwamishina bane, babansa direban tipa ne, ba shi da wanda zai kira masa 'yan jarida ko ya haɗa masa taron ƙaddamarwa a babban ɗakin taro a zo ana sanar da gudummawar miliyan miliyan. Jakarsa ce da bakinsa. Kuma bakin ne muka ce ya rufe.

Ni abin ya taɓa ni sosai ne saboda na ga ƙarshen irin wannan shirun a gidanmu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma ba don ni ɗansa bane, a aikin babbar riga da zubin wuya samun irinsa sai an tona. Shagonsa yana cikin babbar kasuwar Terminus, wannan da ake cewa tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, mutane daga Bauchi da Gombe da Lafiya har da 'yan Kudu suna shigowa kullum. A lokacin bai taɓa buƙatar yace wa kowa ga ni ba, kasuwar ce take yi masa talla, mutum zai zo sayen shadda ya hango riga a rataye ya tsaya ya tambaya wa ya ɗinka, shikenan an samu kwastoma, shi kuma ya kawo wani. Sai ga rikicin Satumba 2001, gari bai gama dawowa hayyacinsa ba kuma a Fabrairu 2002 kasuwar ta ƙone. Ina firamare a lokacin amma ban manta safiyar ba, Baba ya dawo rigarsa duk baƙin hayaƙi bai ce da kowa komai ba ya shiga ɗaki. Keken ɗinki ɗaya ne ya tsira, shima don yana gida ne ana gyara masa ƙafa.

Ya kafa keken a zauren gidanmu a Gangare ya ci gaba. Amma wa ya san yana nan? Wayar hannu a 2001 ta shigo ƙasar, layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka a lokacin balle kan wayar, yawancin kwastomominsa ba su san gidansa ba, shagon suka sani, kuma da yake mutane da yawa sun bar gari sun koma Kano ko Bauchi sai aka ɗauka shima ya tafi. Mamanmu ta yi ta fama da shi, Malam ka zaga mana, ka je masallacin Juma'a ka tsaya a gaisa, ka je gidajen alhazan nan da kake wa ɗinki kace musu kana nan, ko allo ne a rubuta a kafa a bakin layi. Amsarsa ɗaya ce kullum, "Ni in je in yi tallan kaina? Mai rabo zai zo." Ba girman kai bane a wajensa, kunya ce tsantsa, irin tarbiyyar da aka yi musu ce, mutum ba ya faɗin alherin kansa ko da za a yanka shi. Wasu abokan sana'arsa da ba su kai shi iya aiki ba suka baza yara da katuna, suka bi ofis ofis da samfur a leda, cikin shekara biyu suka miƙe. Shi kuma ya koma facin kayan makaranta da rage tsawon wando. Hannun da yake zana aska takwas a gaban riga. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba amma na sha ganinsa da rana tsaka yana goge keken da ba ƙura a jikinsa, ya ɗiga mai, ya sake gogewa.

Shekaru bayan rasuwarsa na haɗu da wani dattijo a wajen ɗaurin aure a Rikkos, ina ganin rigarsa na gane aikin Baba ne, akwai yadda yake ƙarasa bakin aljihu da ban taɓa ganin wani na yi ba. Na gaishe shi na faɗa masa. Dattijon ya riƙe hannuna yace, "Ɗana, ina ya shiga? Na neme shi har na gaji, aka ce min ya koma Kano." Nace Baba yana Gangare duk tsawon shekarun nan, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba daga inda muke tsaye. Shiyasa duk wanda zai ce min aiki mai kyau shi yake tallan kansa, ina girmama shi amma ni ban yarda ba.

Kuma in muka duba da kyau, ita kanta al'adar da muke fakewa da ita ba haka ta ce ba gaba ɗaya. Eh, Bahaushe yace yabon kai jahilci. Amma Bahaushen nan dai shi ya ƙirƙiro kirari. Ɗan dambe in ya shigo fili ba ya jiran kowa, zai ɗaga hannu ya faɗi ko shi waye da waɗanda ya kayar da garuruwan da ya kayar da su, mafarauci haka, ɗan tauri haka, kuma ba wanda yake cewa ba su da kunya, tafi ake yi ana guɗa. Sarki ne ba ya yabon kansa, kuma dalili a bayyane yake, yana da sanƙira da makaɗa da masu kakaki da algaita, an ɗauke masa wannan nauyin tun kafin a haife shi. Attajiri ma in ya shigo wajen biki maroƙi ne zai tashi ya jero sunan kakanninsa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi yana sa hannu a aljihu, a ce kai Alhaji akwai tawali'u. Toh ai biya ya yi. Wato dai yabon bai taɓa zama matsala ba, abin da muke ƙi shine mu ji shi daga bakin mai shi, kuma wanda ba zai iya hayar baki ba shine kullum zai zama marar kunya a idonmu. Ni ina ganin akwai rashin adalci a nan, babba ma kuwa.

Ku duba rubutattun waƙoƙinmu na da, na malamai masu tsoron Allah waɗanda suka rubuta wa'azi da ajami. Da yawansu in sun zo baitocin ƙarshe sai sun saka sunansu, wani har da sunan mahaifinsa da garinsu, wani ya ƙulla shekarar da ya gama a cikin ramzi, wato haruffan da ke tsayawa a madadin lambobi, suna cewa in an tambaya wa ya yi waƙar nan ku ce wane ne. Me ya sa? Suna so a yi musu addu'a, gaskiya ne, amma kuma suna so a san cewa su suka yi, kar wahalarsu ta bi iska ko wani ya ɗauka ya ce tasa ce. Sannan waɗanda suka girme ni za su tuna zamanin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, mutum zai cire kuɗinsa ya sayi kati ya cika da sunaye ya aika, ya zauna ya kasa kunne sati guda don kawai ya ji an ce wane wane daga Jos yana gaida wane, har ƙungiyoyi aka yi na masu wannan harka, wasu sun yi suna a duk Arewa ba tare da sun sayar da ko allura ba. Wani kawuna yana cikinsu, in aka ambaci sunansa ranar har maƙwabta sai sun shigo yi masa barka. Ba kuɗi yake samu ba, kashewa ma yake yi. Abin da yake saya da katin nan shine a san cewa yana duniya.

A ɓangaren rubutu kuma, da can akwai masu tsaya wa marubuci. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙagaggun labarai, aka zaɓi waɗanda suka yi fice aka buga aka kai makarantu, daga baya kamfanin Gaskiya da kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, suka ci gaba da bugawa da rarrabawa, marubuci nasa rubutu ne kawai, wasu ne za su kai shi aji aji har yaran Arewa su haddace sunansa. Da wannan ƙofar ta ƙuntace a shekarun 1980, matasa a Kano, maza da mata, suka fara kai rubutunsu maɗaba'a da kuɗinsu suna ɗauka a ka suna kai wa masu shaguna da kansu, aka yi ta yi musu gori ana kiran abin adabin kasuwa, amma su ne suka sa matan aure da 'yan mata dubbai suka riƙe karatun Hausa a lokacin da ba wanda ya damu. Da sun zauna jiran mutane su faɗa da yanzu ba mu da su. Yau akwai irin gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata, abu ne mai kyau ƙwarai, amma mutum nawa za ta ɗauka a shekara? Sauran fa, su haɗiye abin da suka rubuta?

Bari in zo kan mata don a nan ne abin ya fi ba ni haushi. Ƙanwata tana aure a Angwan Rogo, ta gaji hannun Baba, tana ɗinkin mata tana kuma yin cincin da dubulan na biki. Kullum da safe za ta ɗauki hoton abin da ta gama ta saka a WhatsApp, wani lokacin ta tura wa mutane kai tsaye, Anti ga sabon ɗinki, Hajiya sallah ta kusa kar a manta da ni. Na ji da kunnena wasu 'yan uwa suna cewa ta cika damun mutane, wai abin ya zama kaman roƙo, wata ma cewa ta yi matar aure da tallan kai ba daɗin ji. Toh jama'a a da yaya matan aure suke sayar da abinsu daga cikin gida? Faranti ake ɗora wa yarinya 'yar shekara tara a ka, ta bi tasha da gareji da bakin kasuwa tana a sayi ƙosai a sayi gyaɗa, ta rasa makaranta, ta haɗu da abin da duk mun sani ba sai na faɗa ba. Shekara nawa malamai da likitoci da 'yan rediyo suna kuka a kan tallan yara mata? Yanzu ga uwa ta sauke farantin daga kan 'yarta ta ɗora a kan wayarta, 'yar tana aji, ita tana ɗakinta da mutuncinta, sai kuma mu ce ta dame mu? Saƙon da in ba ka so yatsa ɗaya zaka sa ka wuce. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, mijinta albashinsa ko tsakiyar wata baya kaiwa, ga data ma an ƙara mata kuɗi a farkon 2025, wato ita wannan damun da take yi muku ma sai ta biya kafin ta yi. Ba don daɗi take yi ba. Ta taɓa ce min, "Yaya wallahi duk sanda zan tura sai na ji kunya ta kama ni, sai in tuna Baba a zaure in danna kawai."

Na san wasu za su kawo maganar addini, kuma ya kamata a kawo. Riya haɗari ce, Alƙur'ani a Suratun Najmi ya hana mu tsarkake kanmu, wannan ba wasa bane. Amma riya a ibada take, mutum ya yi sallah ko sadaka don a gani. Tela yace na iya ɗinki, marubuci yace na yi littafi ku duba, wannan sanarwa ce, kuma a Alƙur'anin nan dai Annabi Yusuf alaihissalam ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne kuma masani. Ya faɗi abin da ya iya da bakinsa a lokacin da faɗin zai amfani jama'a. Sharaɗin dai ya zama gaskiya ne.

Amma ko an cire maganar abinci gaba ɗaya, akwai wani abu da ya rage, kuma shi nake ganin ya kawo yaron nan majalisarmu cikin sanyi. Littafi ɗari ko duka ya sayar da ƙyar ya mayar da kuɗin bugu, shima ya san haka. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai da dare yana ƙirƙirar wani abu ba ba zai gane ba, ka kwana kana gyara baiti ɗaya, ko ka warware ɗinki sau uku don layin bai miƙe ba, kowa na barci, in ka gama kuma abin yana hannunka amma kaman bai gama zama gaskiya ba sai wani ɗan Adam ya gani yace eh na gani. Yaro ƙarami in ya zana mota a ƙasa da tsinke sai ya jawo zanin mamansa, Mama zo ki gani. Girma baya kashe wannan, ɓoye shi kawai muke koya. Ga kuma garin da muke ciki, in aka ambaci Jos a labarai yawanci rikici ne ko dokar hana fita, matashi ya taso yana jin ba a san unguwarsu da komai ba sai wannan, dole ya ji yana so yace a'a mu ma muna nan, muna rubutu, muna ɗinki, muna ƙera abubuwa.

Ba wai ina cewa duk mai tallan kansa yana kan daidai bane, akwai waɗanda ni ma suke ƙona min rai. Ranar sadakar ukun wata gwaggonmu ana zaune a tabarma ana karɓar gaisuwa wani ya gama addu'a ya shafa, hannun bai sauka daga fuskarsa ba ya fara raba katin kamfaninsa na sayar da filaye, har da ɗan mamaciyar ya miƙa wa. Wannan kam rashin ta ido ne. Haka wanda zai kai wa marayu buhun shinkafa ɗaya ya tsayar da su a rana ana ɗaukar hoto, a nan ne maganar riya ta zauna daram, don da mutuncin wasu yake sayen sunansa. Da mai ɗaukar hoton ɗinkin wata tace nata ne, da mai maganin da ya ɗaura lasifika a kan mota yana rantsuwa garin ganye ɗaya na warkar da cuta goma sha biyu. Da wanda bai taɓa tambayar lafiyarka ba shekara biyu sai ranar da yake da abin sayarwa, shi kuma ba zai taɓa duba naka ba. Waɗannan duk a yi musu faɗa, ni ma zan taya. Sai dai abin da na lura shine haushin waɗannan muke hucewa a kan irin yaron nan da irin ƙanwata, don su ne masu sauƙin kunyatawa, mai katin filaye ko ka yi masa dariya gobe ma zai raba.

Washegarin Juma'ar nan da yamma na bi ta rumfar POS ɗin yaron kusa da Zololo na ce ya ba ni guda biyu. Sai da ya kalle ni ya tabbatar ba wasa nake ba sannan ya buɗe jakar, har yana cewa Yaya ka bar kuɗin, nace a'a karɓi abinka. Na karanta a daren. Gaskiya wasu waƙoƙin da sauransu, amsa-amon yana tilasta shi faɗin abin da bai yi niyya ba, akwai kurakuran bugu da yawa, kuma na faɗa masa haka da muka sake haɗuwa, ya ciro biro yana rubutawa a bayan rasit. Amma ta Jos ɗin da yace za ta burge mu, ta burge ni. Akwai inda yake maganar kakarsa da ta yi aikin wankin kuza da kwano a ka, da tafkunan da haƙar ta bari a wajen Bukuru waɗanda ruwansu baya motsi, sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru. A baitin ƙarshe ya saka sunansa da na babansa da unguwarsu, kaman yadda malamanmu na da suke yi.

Ɗaya kwafin na kai wa babban yayan namu har shagonsa na ajiye masa a kan kanta, nace Yaya shafi na goma sha ɗaya kawai nake so ka duba. Yace toh zai duba in ya samu sarari. Jiya da na wuce na hango littafin a gefen kalkuletarsa, an naɗe kusurwar wani shafi.